Takalmin Mai Itikafi

Matar da ke kora awakin gari kiwo ce ta fara ganinsa. Dugald Rennie, mai amalanken dawaki, kwance rub-da-ciki a gindin kwamin shayar da dabbobi da ke bakin rijiyar gwamnati, ƙeyarsa a fashe, ƙudaje sun riga kowa zuwa. Kafin rana ta yi zafi duk garin Rijiyar Harker ya hallara, kowa a inda ya saba tsayawa: Turawa kusa da gawa, mu mutanen raƙumi can baya wajen layin dogo, dangin mahaifiyata kuma, 'yan asalin ƙasar, a ƙarƙashin itatuwan busasshen rafi, inda in abu ya ɓaci za su iya sulalewa.

Ni mahauci ne, ni nake yi wa unguwarmu yanka. Ubana ya zo daga Kandahar da raƙuma, uwata 'yar rafin ce, saboda haka duk ranar da hukuma ta buƙaci tafinta sai a ce, "Ina Nazar?" Ranar ma haka aka yi. Na tsallaka igiyar da Kofur Trenery ya kewaye wurin da ita. Muna cikin goman ƙarshe na azumi.

Trenery saurayi ne, bai daɗe da dawowa daga birnin Adelaide ba, inda aka koya masa sababbin hanyoyin kama mai laifi. Ya cika wa gari kunne da su: wai zanen yatsa ba ya maimaituwa, wai sawu ma ana iya ɗauke shi daga ƙasa a kai gaban alƙali. Yana durƙushe yana dama wani farin gari a kwano, irin wanda likitoci ke ɗorin karaya da shi.

"Kofur, burodi za ka gasa mana?" in ji Otto Zadow, abokin aikin mamacin, ƙato mai jan wuya. "Abokina na kwance ƙuda na cinsa, kai kana kwaɓa fulawa. Ga sawun raƙumi nan, makaho ma ya gani. Wa ke da raƙumi a garin nan, limamin coci?"

Aka yi dariya, irin wadda ba ta kai ciki. Zadow ya juyo ya nuna mu.

"Watan jiya, a kwamin nan, Dugald ya tarar da tsohon nan Shirdil yana wanke ƙafafu a ruwan da dawakinmu ke sha, ya zane shi da bulala. Ko an manta?"

Ba a manta ba. Alwala Baffa Shirdil yake yi ranar, kuma har yanzu akwai tabon a gadon bayansa.

Kofur ya kira mai bin sawunsa. Kawu Kalti ƙanin mahaifiyata ne, rigar hukuma a jikinsa, ƙafarsa ba takalmi, kuma yakan gane mutum daga takunsa kamar yadda mu muke ganewa daga fuska. Ya bi sawun daga rijiya ya nufi gari, a sunkuye, har inda ƙasa ta zama tsakuwa. Ya dawo inda raƙumin ya gurfana kusa da gawar, ya tsaya. Ya daɗe a tsaye fiye da yadda ya saba.

"Me ka gani?" in ji Kofur.

"Taguwa ɗaya. Badami, ta Shirdil. Da kaya ta zo, ba kaya ta koma. Ba a nan aka kashe shi ba."

"Mutum fa?"

"Takalmi na gani, Kofur."

"Na wa?"

"Takalmi dai."

Tunda nake ban taɓa jin kawuna ya amsa tambaya haka ba. Ya ciro lofensa na taba zai kunna, ashana ta faɗi daga hannunsa.

Da farin garin ya daskare, Trenery ya ɗaga shi a hankali ya hure rairayin. Ga tafin takalmi nan sak, irin faɗe da duk mutanenmu ke sawa, sai dai a dunduniyar hagu akwai faci da kawunan ƙusoshi.

* * *

A ƙofar masallacinmu muka samu takalmin, shi kaɗai, an jere shi a jikin bango. Kofur ya kifa shi a kan farin abin nasa, suka haɗu kamar tukunya da murfinta.

Baffa Shirdil yana itikafi. Tun da goman ta shiga yake ciki, rawaninsa a gefe, ya rame har haƙarƙarinsa sun fito.

"Gaya masa, ɗan Mirwais," ya ce da ni, don da sunan ubana yake kirana, "ban taka waje ba sai kewayen da ke jikin masallaci, shi ma da takalmin katako na masallaci. Nawa yana nan inda na cire shi. Badami kuwa tana garke, yara ke zuba mata ciyawa."

"Wa ya kwana tare da shi?" in ji Kofur.

"Ni kaɗai, sai Wanda ba Ya barci."

Na fassara. Trenery ya cire hularsa ya mayar. Ya ce alƙali zai so shaida daga cikin mutane.

Ba takalmi aka tsallaka layin dogo da shi, tsakuwa tana ƙona masa ƙafa, Turawa sun yi layi suna kallo. Jirgin ƙasa mai zuwa birni zai zo jibi. Babu wanda bai san abin da kotun birni za ta yi da tsohon mai raƙumi ba, ga tabon bulala a bayansa, ga takalminsa a cikin farin dutse. Igiya ce. Wannan mutum shi ya yi wa ubana wankan gawa, shi ya tsaya mini waliyyi ranar aurena.

* * *

Ni na raɗa wa Kofur cewa an ga Zadow da mamacin suna dambe a mashaya, kuma yatsun Zadow a fashe suke. Muka same shi yana ba dawaki ruwa.

"Mun yi, ƙwarai," ya ce. "Duk Asabar muna yi, ita ce ibadarmu. Ya fasa mini leɓe, na fasa masa hanci, ya tafi gida wurin matarsa, ni na kwana a ƙarƙashin teburin mashaya. Tambayi mai wurin, da ƙafa ya tashe ni da safe." Ya dube ni sama da ƙasa. "Kai ne ka kawo shi, rabi-da-rabi? Ni in taɓa raƙumi? Dokina ko warinsa ya ji a jikina sai ya watsar da ni."

Mai mashaya ya ce haka ne, matarsa ma ta ce haka ne, ta ƙara da cewa minsharin Zadow ya hana ta barci.

Daga nan muka je gidan mamacin. Matarsa, Uwargida Hester Rennie, ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Ita ce ungozomar gari, kuma ita kaɗai ce a cikin matan Turawa ke tsallaka layin dogo. Ko a zangon raƙuma na can daji mace ta fara naƙuda, a aika mata dabba, za ta hau ta je. Ita ta fito da 'yata daga ɗaki ta ɗora mini a hannu.

Mun tarar ɗakin girkinta an wanke shi tas, katakon ƙasa bai gama bushewa ba. Ta naɗe wuyanta da baƙin gyale duk da zafin da ake yi, muryarta ta dushe, muka ɗauka kuka ne.

"Ya shigo a buge, ya ci abinci, ya fita," ta ce. "Na zaci wurin dawaki ya tafi. Ba faɗuwa ya yi ba, Kofur? Yakan faɗi in ya sha."

"Ba faɗuwa ba ce, Uwargida. Amma kwantar da hankalinki, mun kama mutumin."

"Wane mutum?"

"Shirdil."

Tana miƙa masa kofin shayi ne, sai ta fasa. Ta ajiye, ta nemi kujera ta zauna.

"Nazar," ta ce, ba ta dube ni ba, "yaya jikin yarinyar? Tarin ya tafi?"

Na ce ya tafi. Na fito ina jin tausayinta.

* * *

Da la'asar na gangara rafi. Duwatsu sun fara sauka a kan rufin gidajenmu, an ga wasu suna sayen kananzir fiye da abin da fitila ke sha, mata sun tattara yara sun nufi masallaci. Na samu Kawu yana zaune yana kallon wutar da ta mutu.

"Kawu, za su rataye shi."

"Na sani."

"Ka ga wani abu. Na ga ashanar ta faɗi."

"Idonka ya yi yawa, ɗan 'yar'uwata. Da ka tsaya a kan naman akuya."

"Gobe da rana shanun arewa za su iso rijiyar, su tattake komai. In ba ka faɗa yau ba, yaushe?"

Ya tashi, na bi shi. A kan hanyar rijiya ya tsaya, ya nuna ƙasa da babban yatsan ƙafarsa.

"Kai ɗan mai raƙumi ne. In ubanka yana jan akala, ina yake tafiya?"

"A gaba."

"Raƙumin fa?"

"A bayansa, yana taka sawunsa."

"To, duba."

Na duba. Ga sawun Badami, faffaɗa kamar faifai. Ga sawun takalmin yana tafe a gefe, daidai kafaɗarta ta hagu, daga bakin tsakuwa har rijiya, ko guda ɗaya ba ta taka ba. A cikin mutanenmu ko yaron da aka yaye jiya ba zai ja raƙumi haka ba. Haka ake jan doki.

"Mai doki ne," na ce.

"Mai doki yana da dokinsa a ɗaure a bayan gida. Me zai kai shi garkenku ya ɗauki dabbar da suke toshe wa hanci?"

Na sake duban sawun.

"Doki ba ya gurfana, Nazar. Sai an ɗaga gawa a ɗora masa."

Wani suna ya taso mini har maƙogwaro, na haɗiye shi, ya sake tasowa.

"Faɗa wa Kofur, Kawu."

"In faɗa? In buɗe baƙin bakin nan nawa in nuna farar fata? Kafin wata ya mutu an kore mu daga rafin nan. Kakarka da ba ta gani, wane ruwa za ta sha?" Muryarsa ta yi ƙasa. "Kuma shekarar ƙyanda, da yaranmu ke mutuwa kamar fara, mutum ɗaya ne daga hayin can ya shigo bukkokinmu. Ka ce in zaɓa tsakanin wuya biyu. Ni wa ya ba ni wannan aikin? Riga kawai suka ba ni."

Muna nan sai ga Trenery tafe da buhu a kafaɗa, fuskarsa kamar wanda bai ci abinci ba. Ya zazzage fararen sawu da yawa a gabanmu. Ashe ya koma ya yi ta ɗauka.

"Akwai abin da ya hana ni sakat," ya ce. "Duba nan. Dunduniya ta nutse, tsakiya ta nutse, gaban kuwa da ƙyar ya taɓa ƙasa. Duka haka suke. Na sa tsohon ya taka mini rairayi da takalmin a bayan ofis, nasa ya nutse har yatsu. Ƙafar da ta je rijiya ba ta cika takalmin nan ba."

Kawu ya ɗauki ɗaya ya shafa da tafin hannu, ya daɗe yana juya shi.

"Farin garin nan naka ba ya ƙarya, Kofur."

Na nuna masa sawun gefe, na gaya masa yadda muke jan raƙumi. Ya durƙusa ya bi shi da ido har nesa.

"Kalti, ba ni suna."

"Ba ni da suna. Mu in an yi mana mutuwa ba ma nuna mutum da yatsa. Ƙasa muke sharewa a kewayen kabari, mu jira mu ga abin da zai taka. Ka tara gari gobe da safe, ka kawo taguwar. Ni zan kawo reshe."

* * *

A shingen shanu na tasha aka taru. Kawu ya share fili da reshen itace har ya yi sumul kamar tabarma. Aka fito da Baffa Shirdil da sarƙa a hannu, aka kawo Badami.

Kofur ya ce kowane namiji ya ja ta ya ratsa filin. Mutanenmu suka fara, har da Baffa da sarƙarsa, kowa a gaba, akala a kafaɗa, taguwa a baya. Kawu yana sharewa bayan kowa. Sai Turawa. Maƙeri, mai mashaya, mai gidan waya, duk wanda ya karɓi akalar sai ya koma kafaɗarta ta hagu ya riƙe kusa da haɓa, ba wanda ya gaya musu. Da aka zo kan Zadow, Badami ta dube shi ta feso masa abin da ke bakinta a ƙirji.

"'Yar banza! Ko ita ta san ba addininmu ɗaya ba."

Wannan karon ba a yi dariya ba, don Trenery ya riga ya fara bayani: sawun rijiya a gefe yake, kuma ƙafar ba ta cika takalmin ba. Duk mai shakka ya je ya gani kafin shanu su iso.

Zadow ya goge rigarsa. "To, sai me? Duk masu doki ne mu, gari za ka rataye?" Idonsa ya zagaya, ya sauka a kan mutanen rafi. "Waɗancan fa? Rabinsu a kan doki suke kiwon shanu. Ƙafafunsu ƙanana, takalmi ba su da shi, sai na sata. Shi ya sa wannan baƙin karen hukuma ya ƙi magana!"

Na ji maganar ta shiga mutane kamar wuta a busasshiyar ciyawa. Kawunan mutane suka juya. Wata ƙanwar mahaifiyata ta ja ɗanta bayanta. Na dubi Kawu, yana tsaye riƙe da reshen.

"Saura abu ɗaya," in ji Kofur da ƙarfi. "Wanda ya yi aikin nan ya gurfanar da ita, ya ɗora, ya sake gurfanar da ita, ya sauke. Mai dokin da zai iya, ya fito."

Suka gwada. Maƙeri ya ja akala ƙasa, Zadow ya doke ta a gwiwa, wani ya yi mata tsawa irin ta kare. Badami tana tsaye tana tuƙa, tana kallon sama da kawunansu.

Sai Kawu ya ajiye reshen. Ya karɓi akalar, ya ja ta a hankali har jikin shinge, inda matan Turawa ke tsaye a inuwa. Ya tsaya a gaban Uwargida Rennie. Bai ɗaga ido ba.

"Uwargida," ya ce, "hannuna ya gaji. Riƙe mini."

Da ta ga dama da ta ja baya, da ba wanda zai ce komai. Macen da ke cikin makoki ce, baƙin mutum ya miƙa mata igiyar raƙumi. Da ta yi ƙara ɗaya, da a nan za a tattake shi. Can nesa ana jin kukan shanun arewa. Ta dubi Baffa Shirdil, ta dubi ƙafafunsa da tsakuwa ta farfasa.

Ta miƙa hannun dama ta karɓa, ta matsa kafaɗar hagu. Badami ta sunkuyo da dogon wuyanta ta shinshina gyalen.

"Hushta," ta ce, can ƙasa-ƙasa, yadda muke faɗa in za mu gurfanar da raƙumi.

Taguwar ta yi gurnani, ta kai gwiwoyin gaba ƙasa, ta naɗe na baya, ta gurfana.

Ba wanda ya motsa. Uwargida Rennie ta kwance gyalen. Wuyanta baƙi ƙirin da shatin hannu, gefe da gefe.

"Kana son yatsu, Kofur. Ga nasa." Da ƙyar muryar ke fita. "Ya ce in na sake tsallaka layin dogo zai gama abin da ya fara. Na ce akwai mai ciki a can, watanta ya tsaya. Da na ga duhu yana rufe mini ido, hannuna ya faɗa kan dutsen guga. Bayan nan na kasa ɗaga shi. Na tuna Badami, ita ake aiko mini. Na san Kalti ya san takuna, shi ya sa na ɗauki takalmin da na gani a ƙofar masallaci. Na zaci za a ce faɗuwa ya yi. Na zaci takalmanku duk iri ɗaya ne."

Zadow ya cire hularsa, ban san ko don wa ba.

Trenery ya kwance sarƙar daga hannun Baffa. Ya tsaya riƙe da ita, ya dubi matar, ya cusa sarƙar a aljihu, ya ce ta biyo shi.

* * *

Kawu bai jira a kore su ba. A ranar ya ninke rigar hukuma ya ajiye a ƙofar ofis, ya kwashi danginmu suka yi arewa, da kakata a kan jaki.

Washegari kafin jirgi ya iso matata ta ba ni abinci in kai wa Uwargida Rennie. Tana zaune a ɗakin tsaro na ofis, inda Baffa ya kwana. Na ajiye kwanon, na kasa tafiya. Tambayar ta hana ni barci, kuma har yau ban san ko ina da hakkin yinta ba.

"Uwargida, da Kawu bai miƙa miki akalar ba fa?"

Ta dubi hannuwanta, hannuwan da suka karɓi rabin yaran unguwarmu.

"Na sa hulata zan zo wurin Kofur, na cire. Na sake sawa, na sake cirewa. Ina ce wa kaina za su gane ba shi ba ne, za su sake shi." Ta ɗago. "Ba zan yi maka ƙarya ba, Nazar. Ina jin da na bar jirgin ya tafi da shi."

Na tsallaka layin dogo kamar an ɗora mini buhu. Baffa Shirdil ya koma masallaci, yana zaune a inda aka ɗauke shi, an shafa masa mai a ƙafa an naɗe da tsumma. Ya tambaye ni yadda take. Na so in ɓoye, na kasa, na gaya masa duk abin da ta ce.

Yana jan carbinsa, yana kallon ƙofa.

"Amma ta karɓi akalar," ya ce.